Inda muka kwana ni da kwikwiyona

'Yan uwa masu koyon horar da kare, kwikwiyona ya kama umarnin "zauna" da "kwanta" a cikin gida. "Tsaya" ta fara shiga, "zo" kuwa da sauran aiki.

Tunda wasunku na kan neman mai horarwa, bari in daɗe a nan. A yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana kowa kiran kansa mai horar da karnuka, saboda haka tantancewa ta rage gare ku. Ni sai da na nemi a bar ni in kalli darasi tukuna. Wanda ya ƙi, na yi gaba. Inda aka yarda, karnukan na zuba wa ido. In kuka ga kare ya cusa jela tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana ta hamma da lasar baki ba gaira ba dalili, a tsorace yake, ko da yana bin umarni.

Tambaya ɗaya na riƙa yi: in kare ya kuskure, me ake yi masa? Wani ya ce dole kare ya san ni ne shugaban garke, a fizgi sarƙa, a danne shi ƙasa. Wannan ra'ayi ya samo asali ne daga nazarin kyarketan da aka tsare a shekarun 1940. David Mech, masanin da ya taimaka wajen yaɗa shi, shi da kansa ya nuna a 1999 cewa garken daji iyaye ne da 'ya'yansu. A 2021 kuma ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta ce a yi horo da lada, a bar azabtarwa. Wadda na zaɓa cewa ta yi, "Sai a sauƙaƙa masa aikin a sake gwadawa." Daga nan ta miƙo mini igiyar, don a wajenta ni ne ɗalibin farko. Gaskiyarta, ai da ni zai zauna.

Ga yadda muka yi "zauna". Na riƙe ɗan guntun nama, bai fi kan yatsa ba, dab da hancinsa, na ɗaga shi a hankali zuwa ƙeyarsa. Hanci ya bi sama, ƙugu ya yi ƙasa. Yana taɓa ƙasa na ce "yauwa!" na sa masa a baki. Duk sirrin yana cikin wannan ƙiftawa da bismillah. In lada ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya riga ya miƙe, kuma miƙewar kuka saka masa. Da ya gane, sai hannu ya koma ba komai, ladar na fitowa daga aljihu. Sai a ƙarshe kalmar ta shigo, sau ɗaya tak. Mai maimaita "zauna, zauna, zauna" yana koya masa ne ya jira ta uku.

Minti biyar ya isa, a tashi yana marmari.

Kada ranku ya ɓaci in kun fita waje ya yi kamar bai taɓa jin kalmar ba. Ba taurin kai ba ne, kare kan haɗa darasi da wurin da ya koye shi, sai an sake daga farko a sabon wuri. A "tsaya" ma abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko tsawon jira, ko tazara, ko abin ɗauke hankali.

"Zo" ce ta fi damuna, don ita ce ke raba kare da mota. Muna yin ta da doguwar igiya a fili, kuma an gargaɗe ni kada in kira shi don faɗa ko wanka. Ko ya jima bai zo ba, in ya iso sai yabo. Mako mai zuwa za mu gwada ta da wani kare a tsaye daga nesa.