Farantan da Ban Kife Ba

Gobe zan miƙa makullin sito bayan shekara uku a gidan adana kayan tarihi. Abokan aiki sun san abin da ya faru a watana na biyar, amma ban taɓa faɗinsa da bakina ba.

An ba ni farantan tangaran goma sha biyu, farare masu zanen shuɗi, in yi musu kati. Na ga furanni da tsuntsaye, nan take na rubuta: ƙasar Sin, daular Ming, ƙarni na 15. Oga ya sa hannu. Bayan wata biyu wata baƙuwa masaniya ta zo, ta ɗauki ɗaya, ko zanen ba ta kalla ba, ta kife shi. Gindinsa a shafe da ruwan ƙasa mai duhu kamar cakulan. Ta bi bakinsa da yatsa, babu sheƙi. A hankali ta ce na Biyetnam ne.

Oga ya juyo gare ni a gaban jama'a ya ce, "Wai wa ya ɗauko mana kai?" Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri." Sa hannunsa kuwa yana nan a ƙasan katin, da shuɗin biro, kowa na gani.

Laifina ne, ban musa ba. A gidanmu duk tangaran ɗin da ke jere a ɗakin Inna na Sin muke ce masa, da wannan idon na shiga aiki. Abin da ya fi cin raina ma ba tsawar ba ce. Na ɗauki gumin wasu magina na ba maƙwabtansu.

Daga ranar na duƙufa. Na gano cewa lokacin da sarakunan Ming suka hana talakawansu fatauci ta teku, kayan Sin suka yi ƙaranci a kasuwannin kudu maso gabashin Asiya, sai maginan Chu Dau, a yankin Hai Duong na arewacin Biyetnam, suka cike gurbin. Kayansu sun kai tsibirin Jawa na Indonesiya, har a bangon babban masallacin Demak akwai tayil ɗinsu. A fadar Topkapi ta Santambul akwai wani tulu nasu mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1450 da sunan wanda ya zana shi.

Sai kuma jirgin da ya nutse ɗauke da kayansu kusa da Hoi An, a gaɓar tekun Biyetnam, wanda masunta suka fara cin karo da kayansa a taru. Daga zurfin kusan mita 70 aka tsamo tangaran fiye da 200,000 tsakanin 1997 da 1999, aka yi gwanjon mafi yawansu a San Francisco a 2000. Lodin jirgi ɗaya ke nan. Ranar da na karanta wannan na koma sito na haska tocila, sai ga ɓurɓushin bawon halittun teku manne a gindin uku daga cikin farantanmu. Ban ce daga jirgin suka fito ba, na dai rubuta cewa sun daɗe a ruwan gishiri. Wannan karon iyakar abin da idona ya gani na sa a kati.

Wanda zai gaje ni, ka kife abu kafin ka kalli fuskarsa. Ka ɗaga shi a haske: jikin na Biyetnam ya fi kauri, yana ɗan toka-toka, haske ba ya ratsa shi. Ka riƙa tambayar masu goge kaya, hannunsu ya san nauyin kowane faranti. Duk takardar da babba ya sa wa hannu, ka ajiye kwafinta.

Katunan sashen Asiya duka na bi su ɗaya bayan ɗaya, na gyara waɗanda ke da kuskure, har da waɗanda aka rubuta tun kafin zuwana. Sabon kundin ya fito a watan jiya da sunan Oga shi kaɗai. Katin nan na farko yana cikin jakata, da shi zan tafi.