Wasiƙa zuwa gida: abin da harshe da ƙugu suka gada

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwanmu na Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri, Zuru da ƙauyukansu. 'Ya'yanku ne masu aikin lafiya da binciken ƙwayoyin gado ke gaishe ku daga Ingila. Da fatan iyali da gonaki suna lafiya.

Tambayar da ake yawan aiko mana ita ce ta yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya, amma wannan ya ƙi ganye wai ɗaci, wancan kuwa sai ƙiba yake yi. Akwai gado a ciki, sai dai bai kai yadda ake kururuta shi ba, kuma akwai abin yi.

Harshen mutum yana da kusan iri 25 na masu gane ɗaci. Wanda aka fi sani, ƙwayar gado mai suna TAS2R38 ce ke gina shi. A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka, Arthur Fox, ya lura hodar wani sinadari mai suna PTC tana yi wa abokin aikinsa ɗaci, shi kuwa bai ji komai ba. Sai a 2003 aka gano cewa wannan ƙwayar ce ke kawo bambancin. Kowa guda biyu ya gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kowace ko mai kaifi ko marar kaifi. Wanda ya haɗa masu kaifi biyu, kabeji da danginsa suna yi masa ɗaci ƙwarai, don suna da sinadari mai kama da PTC, zogale ma yana da dangin wannan sinadarin. Ga shi yara sun fi manya jin ɗaci. Saboda haka yaron da ya ture kwaɗo ba lallai taurin kai ba ne, duka kuma ba ya canza harshe.

Ga abin da ke aiki. A tafasa ganyen mintuna kaɗan, a tsiyaye ruwan farko, a matse. Kada a bar shi a wuta har ya narke, don bitamin C yana bin ruwa. Dakakken ƙuli-ƙuli, cokali ɗaya na man gyaɗa, tumatir da ɗigon lemun tsami sun isa su rufe ɗacin. A ba yaron loma ɗaya ko biyu, ba tilas, a ranaku daban-daban har sau 10 zuwa 15 kafin a ce ba ya so. Kuskuren da ya fi damun mu shi ne gishiri. Da gaske yana danne ɗaci, shi ya sa hannun mai girki yake ta komawa kansa da kan dunƙulen miya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, wato ɗan ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen. Mai hawan jini shi ke biyan wannan bashin.

Madara ma haka. Bayan yaye, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya sinadarin da ke narkar da sukarin madara yana raguwa a hanjinsu. Fulani da yawa sun gaji canjin da ke barin sa yana aiki har tsufa, irin wanda ake samu a arewacin Turai. Wanda bai gada ba, in ya sha sabuwar madara, bayan minti 30 zuwa awa 2 sai kumburin ciki, iska, wani lokaci gudawa. Ba sammu ba ne. Kindirmo da nono mai tsami sun fi masa sauƙi, don tsamin ya rage sukarin; ya fara da rabin kofi tare da fura. A riƙa tafasa madara kafin a kwantar da ita, saboda tarin fuka na shanu.

Ƙiba kuwa, a 2007 masu bincike a nan Ingila suka nuna cewa wanda ya gaji wani nau'in ƙwayar gado mai suna FTO ta ɓangaren uwa da uba yakan fi wanda bai gada ba nauyi da kimanin kilo 3. Kilo 3 ne fa, ba 30 ba. Aikinta ya fi karkata ga jinkirta ƙoshi, motsa jiki kuma yana rage tasirinta. Manomin fadama da ya koma zaman shago, yana cin malmalar tuwon shinkafa irin ta da, ba gado ne kaɗai ya fito masa da tumbi ba.

Inda kitsen ya taru ya fi sikeli muhimmanci, domin kitsen ciki shi ne ke tafiya da ciwon sukari da hawan jini, ko da mutum siriri ne. Ku samo igiya marar roba. A tsaya ba takalmi ba hula, wani ya auna daga tsakar kai zuwa ƙasa, a yanke, a ninka biyu. A laluba haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a zagaya ninkin a tsakiyarsu, kan fata ko riga marar kauri, bayan an saki numfashi. Kada a shanye ciki, kada kuma a auna ƙarƙashin tumbi inda ake ɗaure wando; nan ne awon yawancin maza yake yin ƙarya. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In ya gaza, ƙugu ya wuce rabin tsawo, sai a je asibiti a auna jini da sukari, a rage tuwo, a ƙara miyar ganye da wake, a riƙa tafiyar ƙafa minti 30 kwana biyar a mako. Wannan awon ban da mai juna biyu da ƙananan yara.

A gaishe mana da kowa da kowa. Wassalam.