Hoton da ke cikin wayarta

Ranar da wata ɗaliba da aka turo sashenmu koyon aiki ta zo ta ce min, "Malam, kwamfutata ta ƙi," ban tambaye ta komai ba, na karɓi na'urar na hau gyara. Ubuntu, wani nau'in Linux da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, take son ɗorawa kusa da Windows ɗinta, karonta na farko ke nan, kuma kwana biyu tana fama. Ni kuwa tuni na yanke a raina cewa filashin da ake girka Ubuntu da shi ne bai rubutu daidai ba, don shi na fi cin karo da shi. Na sake sauke fayil ɗin ISO mai ɗauke da Ubuntu, na gwada lambar SHA256 ɗinsa, wadda ke nuna ko fayil ya sauka daidai, da wadda aka wallafa, suka zo ɗaya, na sake rubuta shi a filashin da manhajar Rufus. Awa guda ta tafi, muka dawo daidai inda ta tsaya jiya.

Sai a lokacin na ce, "Wai me ya rubuta miki ne?" Ta ciro waya ta nuna min hoton allon da ta ɗauka. Ga saƙo nan ƙuru-ƙuru: ba za a ci gaba da girkawa ba sai an kashe Intel RST. Wato a saitin BIOS, wanda ake shiga tun kafin Windows ta tashi, faifan ajiyar yana kan tsarin RAID, a haka kuwa manhajar girkawa ba ta iya aiki da shi sai an mayar da shi AHCI. Abin ya tsaya min a rai. Ita da nake ɗauka ba ta san komai ba ta yi abin da ya dace, ta adana shaida, ni da na daɗe a aikin na bi zato. Tun daga ranar, duk wanda ya ce min "ta ƙi", ba na taɓa na'urarsa sai na ji kalmomin da ke allon ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya danna kafin su fito.

Gyaran kansa yana son haƙuri. Idan aka juya zuwa AHCI kai tsaye, Windows kan ƙi tashi, ta tsaya a shuɗin allo, domin ba ta loda direban, wato manhajar sarrafa faifan, da ya dace da sabon tsarin ba. Dole a fara umartar ta da ta tashi a Safe Mode, yanayin da take tashi da muhimman abubuwa kaɗai, sannan a canza saitin, ta tashi sau ɗaya ta gane faifan, a dawo da ita yadda take. Kafin duk wannan sai da muka kwashe fayilolinta zuwa wani faifai na waje, muka nemo mabuɗin BitLocker mai lambobi 48, wanda ke buɗe faifan idan Windows ta kulle shi, ta rubuta shi a takarda. Ta ƙosa, ta ce, "Malam, ai ba abin da zai faru." Na ce mata aikin kammala karatunta na cikin faifan nan, ba zan yi kasada da shi ba.

A nan ne kuma na tura mata kwamfutar gabanta na naɗe hannuna. Ba ƙaramin wuya na sha ba, don abin da zan gama a minti biyu sai ta yi goma. Amma da muka iso shafin rabon faifai, inda zaɓin goge komai yake maƙwabtaka da zaɓin girkawa kusa da Windows, na sa ta karanta kowane layi da ƙarfi, ta faɗa min da bakinta wanne ne nvme0n1, wato faifan kwamfutar, wanne ne filashi. Na lura wanda aka yi wa aiki yana kallo ba ya riƙe komai, wanda yatsansa ya yi rawa a kan maɓallin kuwa ba ya mantawa.

Bayan girkawa Wi-Fi bai fito ba. Umarnin lspci, mai lissafa kayan cikin kwamfuta, ya nuna katin Wi-Fi ɗin na kamfanin Broadcom ne, sai muka jona wayarta da kebul muka ari intanet, muka sauke direban. Agogon Windows ma ya riƙa kuskure, saboda Linux yana ajiye lokacin na'ura a UTC, wato lokacin duniya na bai-ɗaya, ita kuwa Windows tana ɗaukarsa lokacin gida. Ƙa'ida ɗaya na kafa mata: canji ɗaya, gwaji ɗaya, a rubuta sakamako a littafi. Mai canza abu uku a tare, ko ya dace bai san wanne ya yi maganin ba.

Ina jin haushin masu korar sabon shiga da cewa ya je ya yi karatu tukuna. Tun 1991 da Linus Torvalds ya saki Linux, da tambaya da amsa tsakanin mutane ya girma, kuma kowannenmu ya taɓa zama gaban baƙin allo gabansa na faɗuwa.

Bayan mako uku ta dawo da kwamfutar wata ƙawarta da ke yin baƙin allo da zarar an wuce GRUB, allon zaɓen tsarin da kwamfuta za ta tashi da shi. Kafin in buɗe baki ta miƙo min littafinta. Ta rubuta cewa katin hoton NVIDIA ne, ta danna e a allon GRUB ta ƙara nomodeset, kalmar da ke sa ta tashi da tsarin hoto na asali, kwamfutar ta tashi. Abin da ya kawo ta shi ne in duba mata wane direba za ta zaɓa.