Aikin wuyan kaftani da kwamfuta: zane ɗaya, girma iri-iri

A shagonmu na Aboabo, nan Kumasi, aikin wuyan kaftani da hannun riga muke yi da keken aiki mai kwamfuta. Keken ba ya gane hoto. Abin da yake karantawa fayil ne mai jerin wuraren da allura za ta soka, ɗaya bayan ɗaya. Kowane kamfani da irin fayil ɗinsa: keken Tajima yana cin DST, na Brother PES, na Janome kuma JEF.

Zanen da Inkscape muke yi, manhaja ce ta kyauta da ta fito tun 2003, tana ajiye zane a tsarin SVG, wato fayil na layuka da siffofi da ake iya canza wa girma ba tare da ya lalace ba. A kanta ake ɗora Ink/Stitch, wadda ke mayar da layi da cike su zama sukar allura. Abin da ya sa muka riƙe su shi ne ana iya rubuta musu umarni da Python, wani yaren ba kwamfuta umarni. Galibin aikin wuya maimaici ne: dagi ko 'yar fulawa guda, a jera ta bisa lanƙwasar wuya, a juya ta a ɗaya ɓangaren. Maimakon a zauna ana kwafa ana mannawa, sai a rubuta 'yan layukan umarni masu karɓar tsawon wuya, faɗin aiki da yawan maimaici, su fitar da zanen.

Amfanin wannan yana fitowa ne idan Sallah ta matso, Alhaji ya kawo shadda ya ce a yi masa da yaransa iri ɗaya. Masu gaggawa sukan buɗe DST na yaro su ja shi ya yi girma. A nan ake ɓata yadin mutane. Yawan suka ba ya ƙaruwa, tazarar da ke tsakanin zare da zare ce kawai ke buɗewa. Zanen santimita 10 mai tazarar milimita 0.4, idan aka ja shi zuwa 13, tazarar ta koma 0.52, sai ka ga shadda tana leƙowa ta tsakanin zare. In kuma an matse na babba ya zama na yaro, suka ta taru wuri guda, zare ya dinga tsinkewa, wurin ya yi tauri kamar kwali. Saboda haka SVG da umarninsa su ne uwa. A canza lamba, a sake fitar da sabon fayil ga kowane girma.

Da zare mai lambar kauri 40 da allura mai lambar girma 75/11, tazarar milimita 0.4 muke farawa da ita. Ɗinkin satin, wato wanda zare ke ƙetarawa daga gefe zuwa gefe a jere, kada faɗinsa ya wuce milimita 7, domin zaren da ya fi haka yakan yi sako-sako, agogo ko maɓalli ya kama shi. Ƙasa da milimita 1 kuwa allura na sukar kusan rami ɗaya. Zare yana jan yadi ciki, don haka ana ƙara wa kowane gefen zanen kamar milimita 0.2, a kuma fara shimfiɗa ɗinkin ƙasa kafin na sama ya hau. Shadda mai sheƙi tana zamewa a firam, abin da ke riƙe yadi a kan keke; a sa mata takardar tauri a baya, a ɗaure ta tsaf ba tare da an ja ta ba.

DST ba ya riƙe launi, wurin tsayawa a canza zare kaɗai yake nunawa. Muna buga takarda mai jerin launuka mu maƙala wa mai kula da keke, in ba haka ba ruwan gwal ya faɗa inda aka so fari.

Yawan suka shi ke ba da farashi. Zane mai suka 21,000 a gudun 700 a minti, rabin awa ke nan, ban da canjin zare da ɗaura firam. Wanda ya yi ciniki da ido kawai, shi zai biya kuɗin wuta daga aljihunsa.

Hoton da manhaja ke nunawa a allo bai san irin yadin da ke hannunka ba. Kowane sabon zane sai an gwada shi a ƙyallen shaddar da za a yi aikin, a gyara lambobin, sannan a taɓa ta mai kaya. Lambobin da suka yi daidai a rubuta su a cikin umarnin tare da sunan yadin.