Kindirmo ya yi abin da gwanda ta kasa

'Yan uwa masu koyon gashi, albishirinku. Jiya bayan isha'i na sauke faffaɗan yankin naman sa mai kaurin yatsa biyu daga kan waya, na sa wuƙa ta wuce ba tare da na danna ba, ruwansa yana tsattsafowa a faranti. Inna, wadda sai an daka mata nama a turmi take iya ci, ta cinye yanka uku, ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, na maraƙi ka samo?" Ba na maraƙi ba ne. Naman bijimi ne daga kasuwar Wudil. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Waɗanda muke tafe tare sun san inda na maƙale tun bayan Babbar Sallah: gwanda. Duk wanda ka tambaya yadda ake tausasa naman gashi, ɗanyar gwanda zai ce maka. Kuma ba ƙarya ba ne, tana cin nama. Farin ruwan nan da ke fitowa idan ka karce bawonta yana ɗauke da sinadarin da ke tsinka zaren tsoka, shi ne ma ake busarwa a yi garin tausasa nama na kanti. Sai dai cin nata a sama ya tsaya. Na goga ta na shafe naman, da ya hau wuta sai bayansa ya fara saɓulewa yana liƙewa a waya, ya yi laushi irin na dafaffiyar hanta, ka taɓa da yatsa ya dagargaje, tsakiyar kuwa tana nan da taurinta, haƙori ba ya ratsa ta. Na rage gwandar, haka. Na rage lokaci, sai ya zama kamar ba a sa komai ba. Na murje ganyenta na naɗe naman a ciki, ɗaci ya biyo baya. Abarba kuwa ta fi ta ɓarna, don ta fi ta sauri. A wata Juma'ar naman naira 6,500 ya ƙare a tukunyar miya saboda babu wanda zai iya cin sa a gashe, kuma ranar ko magana ban so a yi min ba.

Abin da ke faruwa shi ne, duk haɗin da ka jiƙa nama a ciki, iyakarsa 'yan milimita daga fata. Tafarnuwa, mai, kayan ƙamshi, ruwan gwanda, duk a bakin ƙofa suke tsayawa. Gishiri ne kaɗai ke tafiya ciki a hankali idan aka ba shi lokaci. Ga wani abin takaicin kuma: sinadarin gwandar ya fi ƙarfi a zafin da ya kai digiri 60 zuwa 70, wato lokacin da naman ya fara ɗumi a kan garwashi, lokacin ne ma yake ƙara ƙaimi. Shi ya sa nama zai fito daga roba da kyan gani, ya lalace a gaban idonka. Mutanen Indiya suna amfani da ɗanyar gwanda sosai, amma a kan niƙaƙƙen nama ko wanda aka yanka ƙanana, inda za ta taɓa ko'ina. A siririn yankan tsire ma tana iya yin rana. A yanki mai kauri dai ni na sallame ta.

Kuma ku daina auna namanku da wanda kuke gani a YouTube. Shanun da ake yankawa a Amurka don wannan gashin yawancinsu ba su cika shekara 2 ba, hatsi aka ɗura musu a watanninsu na ƙarshe, sannan a ajiye naman a sanyi mako 2 ko fiye kafin ya isa kanti, ya yi laushi da kansa. Namu Bunaji ne ko Rahaji da ya yi shekaru yana tafiyar kiwo, wani ma ya ja garma damina bayan damina, a yanka shi da asuba a sayar kafin azahar. 'Yan sa'o'i bayan yanka tsoka takan sandare, kuma daidai wannan lokacin ne mu muke ɗora ta a wuta. Haɗin minti 30 da suke nunawa don ɗanɗano ne kawai, naman nasu tun asali mai laushi ne.

Wani dattijo mai tsire da ke da tukuba a bakin tasharmu ne ya fara karkato da ni. Na zauna a bencinsa ina ba shi labarin gwanda, yana ta fiffita wuta bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Malam, wane waje suke yanko maka?" Na ce, "Baba, duk inda tsoka ta fi yawa, cinya galibi." Ya girgiza kai ya ce in nemi tsokar gadon baya, ko doguwar nan da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin bayan ta ciki, wadda dabba ba ta aiki da ita, kuma in tsaya a kan mahauci ya yanka ta a gicciye, kada ya bi tsawon zaren. Samun wannan wajen sai da sammako, kuma sai da na ƙara kuɗi, don mahauci ya fi son ya haɗa maka ƙashi da kitse da tsoka gaba ɗaya. Na biya, raina bai so ba, amma rabin aikin a nan aka gama shi.

Sauran rabin kindirmo ne. Tsaminsa mai sanyi ne, yana aiki a hankali, ba ya ƙona fatar nama yadda lemun tsami ko ruwan tsamiya ke yi idan sun daɗe, su mayar da shi fari-fari ya ƙanƙance. Ga kilo ɗaya na fara murza gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, shi kaɗai, na caccaka naman da cokali mai yatsu, na ba shi ɗan lokaci a sanyi. Sannan na kwaɓa kindirmo ludayi biyu da dakakkiyar tafarnuwa, albasa rabi da na goga, masoro, ƙwayar kanumfari uku, kimba guda, daddawa ɗan ɓari, da man gyaɗa babban cokali biyu. Ɗanyar citta kaɗan na sa, don ita ma tana da irin halin gwanda, sai dai ba ta kai ta zafin hannu ba. Kanumfarin kada ku ƙara, yana danne komai. Kindirmon ya zama mai kauri na gaske, wanda Bafillatanar da ke kawo mana nono take ware min tun daga ruga. Tsala da aka tsinka da ruwa zubewa take yi ƙasan roba ta bar naman tsirara. Kuma a roba mai murfi ko farar leda mai kauri za ku jiƙa, ban da tukunyar dalma, tsami yana cin ta ya bar wa naman ɗanɗanon ƙarfe.

Daga nan sai kwana, kuma kwanan ne ya fi cin aljihuna. Garinmu wuta sai ta ga dama, firji kuwa babu. Ɗanyen nama bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, idan zafi ya haura digiri 32 awa 1 ne, kuma tsamin nono bai isa ya tsare shi ba. Na yi tunanin tukunya cikin tukunyar nan mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Aba ce mai albarka ga tumatir da tattasai da alayyafo, amma sanyinta ba ya sauka ƙasa da digiri 5 da ɗanyen nama ke buƙata. Dole na koma ga ƙanƙara. Ƙulli uku daga wajen mai firjin sola, ga kuɗin acaɓa zuwa da dawowa, sai da suka tasam ma naira 2,000 a kan naman da na riga na saya da tsada. Na jera ta a kula, ɗaya a ƙasa biyu a sama, na lulluɓe kular da tsohon bargo. Da asuba akwai sauran ƙanƙara, na sauya ta da hantsi, naman ya kai yamma da sanyinsa. Wannan kwanan shi ya ba tsokar damar saki, ya ba gishirin damar isa tsakiya.

Masu jefa farasitamol a nama don ya yi laushi, don Allah ku bari. Hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kai, magani ba kayan miya ba ne.

Wajen gashin, abu ɗaya ne ya sauya komai: na goge naman tas da tsabtataccen ƙyalle har ya bushe kafin ya ga wuta. Idan ya hau da danshin nono, tururi zai yi ta yi, ya dahu fari ba tare da ya yi jan nan mai ƙamshi ba, nonon kuma ya ƙone ya yi baƙi. Na jira gawayi ya daina harshe, toka ta rufe garwashin, na shafa ɗan mai a waya. Kusan minti 4 kowane gefe a tsakiyar wuta, ban taɓa shi ba sai lokacin juyi, sannan na ja shi gefe ya ƙarasa a hankali. A gidanmu ba mai cin nama da ja a ciki, don haka na bar shi har jan ya gushe, na sauke nan take, na kifa masa kwano minti 5 kafin in yanka. Yajin ƙuli-ƙuli a ƙarshe na barbaɗa, da matsin lemun tsami, don ƙuli ba ya jure wuta mai ƙarfi. Ragowar haɗin da naman ya kwana a ciki uwargida ta so ta yi romo da shi, na ce sai dai ta tafasa shi sosai tukuna, ta ga bai kai wahalar ba ta zubar.

Cinya dai har yanzu ta gagare ni. Na sa ɗan yanki nata a cikin haɗin guda don in gwada, ta yi ɗanɗano amma jijiyar tana nan daram, da alama wannan sai tukunya da doguwar dahuwa. Juma'a mai zuwa in Allah ya kai mu karfata, wato naman kafaɗa, zan nema, a yanka min ita da kaurin yatsa ɗaya, kuma na riga na yi magana da maƙwabcina zai kawo nasa naman mu cika kula ɗaya mu raba kuɗin ƙanƙara.