Ranar da muka kai yaronmu Magic Kingdom

A bara muka kai ɗanmu mai shekara 8, wanda yake da larurar galahanga, filin wasanni na Magic Kingdom da ke kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka. Tun kafin tafiyar, babu abin da ya hana ni barci kamar maganar layi, domin yaron ba ya jure cunkoso da tsayuwa wuri ɗaya ko da na minti 10 ne, balle layin da yakan kai awa guda.

Kamfanin Disney, mai filin, yana da wani tsari na sauƙaƙa wa masu larura jiran layi da ake kira DAS, wanda tun shekarar 2024 aka taƙaita shi ga masu irin wannan larura. Na yi rajista ta hirar bidiyo tun muna gida. Ma'aikaciyar ba ta nemi takardar likita ba, sai dai ta tambaye ni abin da yakan faru idan yaron ya daɗe a layi, sannan ta ce a kawo shi gaban kyamara.

Na ɗauka za a riƙa wucewa da mu gaba ne kawai, ashe ba haka abin yake ba. Idan layin wasan Peter Pan's Flight ya nuna minti 60, sai manhajar wayata ta ba mu lokacin dawowa wanda ya yi kusan daidai da wannan jiran, mu kuwa mu nemi inuwa mu zauna, yaron yana shan ruwansa yana murza ƙaramar motar da ba ya rabuwa da ita. Jiran yana nan, amma a inda zai iya ɗaukarsa, kuma a ganina adalcin ke nan ga sauran mutanen da ke tsaye.

Mahaifiyata, wadda take kan keken guragu, ba ta buƙaci tsarin ba, saboda yawancin layukan suna da faɗin da keke zai bi, kuma a wasan "it's a small world" akwai kwalekwalen da aka tura ta ciki ba tare da ta sauka ba.

Kuskuren nawa ne, kuma da dare ya bayyana. Na manta abin toshe kunnensa a masauki, sai ƙarar wasan wuta ta firgita shi, ya durƙusa a tsakiyar jama'a yana kuka. "Ɗauko shi mu fita, Baban yara," in ji mahaifiyarsa. Washegari abin toshe kunnen ne farkon abin da na sa a jaka, kuma mun kalli wutar daga nesa, kusa da ƙofar fita, yana riƙe da hannun kakarsa.