Kwalin komik na wannan satin ya iso

A Amurka ranar Laraba ake fitar da sababbin komik, wato littattafan labari na zane, mu kuma nan Kano Larabarmu ita ce duk ranar da kwali ya iso shago, ko da abin da ke ciki ya yi wata guda da fitowa a can. Na wannan satin dai ya zo, kuma ni ba na ɗora komai a kanta sai na karanta shi da kaina, saboda akwai iyaye masu zuwa saya wa yara kuma ba kowane komik ne na yara ba wlh, wani sai dai ka ajiye shi a durowa sai babba ya tambaya.

Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Absolute Batman, wanda kamfanin komik na DC suka fara a Oktoban 2024, Scott Snyder ke rubutawa Nick Dragotta na zanawa. Tun 1939 an san Batman ɗan masu kuɗi ne, to su sai suka ƙwace masa dukiyar da katafaren gidan, suka mai da shi injiniya ɗan malamin makaranta, ƙato da shi, har tambarin jemagen da ke ƙirjinsa cirewa yake ya zama gatari. Ni zanen ne ya kashe ni. Dragotta ya san inda zai cika shafi da ƙananan akwatuna ido ya yi ta gudu, sai ka juya takarda kawai ka ci karo da hoto ɗaya ya cinye shafi gaba ɗaya, kuma a waya ba ka jin wannan, sai takarda na hannunka. Na kuma kawo haɗaɗɗen kundin Ultimate Spider-Man na Jonathan Hickman inda Peter Parker, wato Spider-Man ɗin, yake magidanci da mata da yara biyu, kwastomomina masu iyali shi suke so, wai ya san zafin cefane. Sauran kam akwai waɗanda labarin bai wuce shafi 20 ba kuma rabinsa tallar wani babban faɗa ne da za a yi nan gaba, an sake kashe wani jarumi da kowa ya san zai dawo. Su kaɗan na yi oda.

Sana'ar nan a wajen wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai a kasuwar Sabon Gari na koye ta, Allah ya jiƙansa. In dila ta zo sai ya zaunar da ni ya ce fara da ƙashin bayan littafin, duba ko ya tsage, duba sitafula ko ta yi tsatsa, sannan ka shinshina, takardar da ta sha ruwa ba ta iya ɓoye warinta ko an shanya ta. In ya ga na lasa yatsa zan buɗe shafi ranar sai na sha faɗa. Har yau haka nake yi, kowane komik sai na sa shi a ledarsa da farin kwali a baya wanda ba ya sa takarda ta yi ja, a tsaye nake jera su, nesa da rana don tana cinye jan launi, nesa da bango saboda gara da laimar damina, da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Masu tantance lafiyar komik a Amurka maki suke bayarwa daga 0.5 zuwa 10, lanƙwasar kusurwa ɗaya sai ta sauko da shi daga 9.8. Komik ɗin da Superman ya fara fitowa a ciki a 1938 santi 10 na kuɗin Amurka aka sayar da shi, a 2024 an sayi kwafi ɗaya dala miliyan 6.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu kago, ka rubuta a jikin kwali kar a danne amma su ɗora masa kayan gyaran mota. Sai kuma 'yan jabu, su sauke a intanet su je biznes senta a buga musu a farar takarda, baƙin ya fito toka-toka, in ka taɓa da gumi tawada ta biyo yatsa, sannan mutum ya shigo min ya ce ai wane yana bayarwa rabin kuɗin nan. Komik ɗaya dala 4 zuwa 5 ne a inda aka buga shi, kafin jirgi kafin canji, kuma bayan marubuci akwai mai fensir da mai tawada da mai kala da mai rubuta magana a cikin kumfa, duk a ciki suke ci. In aka yi min irin wannan tayin albarka kawai nake cewa.

Waɗanda suka ce in ajiye musu Batman su zo kafin Juma'a don Allah, akwai masu jira a layi.